Birni ko Ƙauye: Ina Mai Ƙananan Yara Zai Kai Iyalinsa?

Wani magidanci ya aiko da tambaya. Yana da yara biyu, ɗaya shekara 5, ɗaya shekara 2, maiɗakinsa kuma tana da cikin wata 4. Canjin wurin aiki ya sa dole su tashi. Ya samu gidan haya mai ɗaki biyu a cikin birni, kusa da ofis, ya kuma samu gida mai faɗi da filin shuka a wani ƙauye mai nisan kilomita 40, wanda hayarsa ba ta kai rabin ta birnin ba. Kwana 3 a mako zai riƙa zuwa ofis, kwana 2 ya yi aiki daga gida. Yana so ya san wanne zai ɗauka.

Malam, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya raya yaran. Ga amsata a taƙaice kafin bayani: da wannan cikin, da kuma yaro ɗan shekara 2, kada ka kai su ƙauyen nan sai ka auna abu uku da ƙafarka, wato asibiti, ruwa, da hanya. Idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, ka kama gidan birni na shekara guda, ka sake duba maganar bayan an haihu jariri ya yi ƙwari. Idan ukun duka sun yi, ƙauyen zai iya fi muku alheri nesa ba kusa ba. Muhawarar da mutane kan yi a kan daɗin birni da natsuwar ƙauye ba za ta taimake ka ba, domin iyalinka a gida ɗaya za su zauna, a bakin hanya ɗaya, suna shan ruwan rijiya ko famfo ɗaya. Su za ka bincika.

Mu fara da asibiti, domin nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Kowane ƙauye kusan yana da ɗan wurin shan magani, kuma dillali zai nuna maka shi ya ce ga asibiti nan kusa. Wannan wurin yana da amfaninsa, amma asibitin da za ka auna nisansa shi ne wanda ke iya yin abu biyu dare da rana: tiyatar ciro jariri da ƙarin jini. Ma'aunin da ake amfani da shi wajen tsara kiwon lafiyar masu juna biyu shi ne a iya isa irin wannan asibiti cikin awa 2. Ka ɗauki wannan a matsayin iyakar ƙarshe, don zubar jini mai yawa bayan haihuwa tana iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa 2 ɗin nan idan ba a tsayar ba. Kuma lissafin yana farawa ne tun daga ƙofar ɗaki: minti nawa kafin a gane akwai matsala, minti nawa kafin a samu mota da direba, akwai mai a tankin ko babu, wa za a bar wa yara biyun, sannan tafiyar, sannan jira a ƙofar asibiti. Tafiyar minti 50 a kan taswirar waya takan zama awa ɗaya da rabi a zahiri. Ni abin da nake ba masu ƙananan yara shawara shi ne kada jimlar ta wuce awa 1.

Zuwa da kai ya fi aike. Ka tuƙa hanyar da kanka da daddare, agogo a hannu, kuma a lokacin da ta fi lalacewa a shekara, ko damina ce ko lokacin ƙanƙara, gwargwadon ƙasar da kake. Ka lura da kowace gada da kowane kwari da ruwa ke tsallakawa, ka tambayi masu motocin haya sau nawa hanyar ta yanke a bara kuma kwana nawa ta yi a yanke. In ka isa asibitin, ka shiga ɗakin haihuwa ka tambayi ungozomar da ke bakin aiki: likitan tiyata yana kwana a nan ne ko sai an kira shi daga gida? Akwai jini a ajiye ko sai 'yan uwa sun kawo mai bayarwa? In wuta ta ɗauke, me ke kunna ɗakin tiyata? Sai babbar tambayar da magidanta suka fi mantawa: kwana 3 a mako kana nisan kilomita 40, motar tana hannunka. Idan naƙuda ta taso ranar Talata da hantsi, wa zai kai ta? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya haya, sai ka san mutum biyu a maƙwabta masu abin hawa da suka amince a tashe su ko da tsakar dare ne.

Bayan gaggawa akwai zirga-zirgar yau da kullum, wadda take cinye mutum a hankali. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awon ciki zuwa sau 8 aƙalla, maimakon 4 na da, kuma mafi yawansu suna zuwa ne a watanni ukun ƙarshe, lokacin da jijjigar mota a hanya mai ramuka ta fi wahalar da mace. In an haihu, a ƙasashe da yawa akwai allurar rigakafi a ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da ta ƙyanda a wata 9. Yawancin waɗannan allurai sai an ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka ka duba ko ƙaramin asibitin yana da firji mai aiki. Ka kuma tambayi ranar da suke yin ta ƙyanda da ta tarin fuka. Kwalbarsu ta yara da yawa ce, in an haɗa ta da ruwanta sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa ƙananan asibitoci kan ware musu rana ɗaya, wani lokaci su ce a koma sai yara sun taru. Uwa mai goyo da ta sha hanya sau biyu aka mayar da ita, da wuya ta je na uku.

Birni ma kada ka ɗauka ya tsira don kawai ana hango ginin asibiti daga taga. Ka gwada tafiyar a lokacin cunkoso, ka tambayi tsawon layin ganin likitan yara, ka gano ko suna karɓar mara lafiya kafin a biya kuɗi.

Sai ruwa. Ku biyar za ku zama nan da 'yan watanni. Lita 20 ga kowane mutum a rana ita ce ƙasan ƙasa, ta sha da girki da wanke hannu kawai. Don wanka da wanki su wadata ana bukatar wajen lita 50, kuma gida mai jariri yakan wuce haka saboda wankin tsumma. Wato lita 250 kowace rana, jarka 10 mai cin lita 25, kowacce nauyinta kilo 25. Idan ruwan ba ya zuwa har cikin gida, wani ne zai ɗauki wannan nauyin, kuma kai kana ofis. An daɗe da lura cewa idan zuwa ɗebo ruwa da dawowa, har da layi, ya wuce minti 30, iyali kan rage yawan ruwan da suke amfani da shi, abin da aka fara yankewa kuwa wanke hannu ne da wanke kwanukan yara, daga nan gudawa take shigowa.

In rijiya ce a gidan, ka auna tazararta da masai da ramin bahaya, naku da na maƙwabta, da kuma garken dabbobi. Ana so ta kai mita 30, rijiyar kuma ta kasance a tudu, masan a gangare. Ka tambayi tsofaffin unguwar, ba mai gidan ba, ko tana ƙafewa a ƙarshen rani. Sannan ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji. Haske da daɗin ruwa ba sa nuna lafiyarsa. A duba ƙwayar cutar da ke fitowa daga bahaya, wadda bai kamata a samu ko ɗaya ba a cikin mililita 100. A duba sinadarin naitiret, wanda ke tsatsowa daga takin zamani da kashin dabbobi, kada ya wuce miligiram 50 a lita. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da irin wannan ruwan jininsa kan kasa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi, kuma tafasa ruwan ba ya fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma yake yi. A wasu yankuna ruwan burtsatse kan zo da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, yana ɓata haƙoran yara tun suna fitowa. Dubi haƙoran yaran garin in suna dariya, in ka ga dabbare-dabbare masu launin ƙasa a bakin da yawansu, ka ƙara wannan a gwajin.

Faɗin rufin gidan ƙauye yana da riba a nan. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya. Rufi mai murabba'in mita 100 a inda ake samun milimita 600 a shekara zai tara lita 60,000, in an cire abin da ke zubewa a samu wajen 48,000, ruwan wata 6 ke nan ga gidanka, muddin akwai tankin da zai riƙe. A birni kuma tambayar ita ce kwana nawa a mako famfo ke kawowa, da ƙarfe nawa, kuma yana hawa bene ko sai an sa injin turawa.

Yanzu kuɗi. Arahar haya ita ce ta fara jan hankalinka, kuma ita ce ta fi yaudara. Haya da sufuri abu ɗaya ne, a haɗe ake lissafa su. Kilomita 80 zuwa da dawowa, kwana 13 a wata, kilomita 1,040 ke nan. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 83 a wata don zuwa aiki kaɗai, ban da awo, rigakafi, sayayya da ziyara. Duk wata 5 za ka juye baƙin mai, taya da ƙafafun mota kuma hanyar ƙasa tana cin su da wuri. Ka ninka litocin da farashin inda kake, ka ƙara gyara, ka ƙara kuɗin wuta da na ruwa in kai za ka samar wa kanka, sannan ka ɗora a kan hayar ƙauyen. Sau da yawa rabin nan da ka gani yakan koma kashi uku cikin huɗu ko fiye. Idan haya da sufuri tare suka haura kashi 45 cikin 100 na abin da ke shigo maka, a kowane ɓangare ne, gidan ya fi ƙarfinka. Akwai kuma wajen awa 26 da za ka riƙa kashewa a hanya duk wata, in zuwa awa 1 ce dawowa awa 1, yawanci daidai lokacin da yara ke farke. Uba kan fita suna barci ya dawo suna barci, alhali don su aka ƙaura.

Kada ka sa amfanin filin shuka a lissafin shekarar farko. Wanda bai saba noma ba, ga aikin ofis ga jariri, shekararsa ta farko ta koyo ce. Kuma ka tambayi kanka: in wannan aikin ya ƙare gobe, ko aka ce kowa ya dawo ofis kwana 5, daga wane gida za ka fi saurin samun wani?

Kwana biyun da za ka yi aiki daga gida sun rataya a kan wuta da sabis. Ka shiga ɗakin da za ka zauna da layukan waya biyu daban, ka yi kiran bidiyo na minti 20 da rana, ka sake da misalin 8 na dare lokacin da kowa ya hau intanet. In kan sola za ku dogara, firji da kwamfuta da fitilu da fanka biyu za su ci wajen kilowat-awa 3 a rana, wanda ke bukatar faranti mai wat 800 zuwa 1,000 a inda rana ke da ƙarfi awa 5. Janareta kuwa a waje ake kunna shi, mita 6 daga kowace taga ko ƙofa. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, kuma iyalai a cikin barci take ɗauka.

Akwai maganar da nake roƙonka ka ba muhimmanci fiye da duk lissafin nan. Kai za ka riƙa fita kana ganin mutane, ita ce za ta wuni a gidan da jariri da yara biyu. Ita ya kamata ta fara zuwa ta gani, ta kwana biyu, ta shiga madafa, ta ja ruwa, ta zauna da matan maƙwabta. Kaɗaici bayan haihuwa ciwo ne na gaske, kuma rashin mai taimako yana cikin abubuwan da ke jefa mai jego cikin ciwon damuwa. Ƙauyen da kuke da dangi ko sanayya, inda wata za ta leƙo ta karɓi jariri uwar ta runtsa awa ɗaya, ya fi kowane bene a birni. Ƙauyen da ba ku san kowa ba, ba ta da abin hawa, sabis kuma yana ɗaukewa, kurkuku ne mai fili. Birni ma yana da nasa kaɗaicin, mutum na iya shekara bai san sunan na ƙofar da ke kallon tasa ba, sai dai a can ana iya biyan kuɗi a samu gidan raino, a ƙauye kuwa sau da yawa ko da kuɗinka babu. In tana da sana'a ko aiki, ko tana da niyyar komawa karatu, ku yi maganar a fili tun yanzu.

Kowane wuri yana da irin hatsarin da yake yi wa yaro. A birni na farko titi ne: hatsarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ka tsaya a ƙofar gidan ƙarfe 7 na safe ka ga gudun motoci, ka ga ko akwai gefen da mai ƙafa zai bi riƙe da hannun yaro. Hayaƙin motoci ya fi kauri a mita 150 na farko daga babban titi, don haka gidan da ke layi na uku ko na huɗu ya fi na bakin hanya ga huhun jariri, ko da ya fi shi tsufa. Ka guji maƙwabtaka da masu fasa tsofaffin batura da masu ƙona wayoyi, ka kuma duba ko tsohon fenti yana ɓarewa a bango da taga, saboda gubar dalma. Ba a san wani adadi nata da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba, kuma ɗan shekara 2 komai ya tsinta baki yake kai wa. Ka kalli ƙasan bangon waje: layin laka ko fenti sabo daga ƙasa zuwa gwiwa yana nufin ruwa yana shiga. Mutum biyar a ɗaki biyu bai kai cunkoso ba a ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke farawa daga fiye da mutum 3 a ɗaki, amma sai kowane ɗaki yana da tagar da iska ke ratsawa.

A ƙauye na farko ruwa ne. Yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su suka fi kowa nutsewa, kuma ba sa ihu, ko bokitin wanki ya isa. Rijiya sai da murfi mai nauyi da kwado, tanki sai a rufe, kududdufi ko rafi kusa da gida sai an yi shinge. Na biyu hayaƙin girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Wanda ya gudo daga hayaƙin birni ya koma girki da itace a rufaffen ɗaki, jariri a bayan uwa, bai tsere wa komai ba. Ka tabbatar ana samun gas a kusa. Sai maganin feshi: ka tambayi me ake fesawa a gonakin da ke jikin katangarka da kuma yaushe, kada kuma a taɓa juye shi a kwalbar abin sha. Ka tambayi asibitin ko suna ajiye maganin dafin maciji da allurar cizon mahaukacin kare, ko sai an tura mutum gaba.

In an toshe waɗannan, abin da ƙauye ke ba yaro yana da yawa. Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na awa 3 a rana, fili yana ba shi wannan ba tare da an tsara masa ba, ga barci babu ƙarar titi, ga sanin dabba da shuka da hannunsa.

Makaranta ta kusa zama matsalarka, tunda babban ya kai 5. Kada ka tsaya a kan gini. Ka je ranar karatu ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga malaman da ke cikin aji, ka ƙirga yara, ka roƙi izini ka ba ɗan aji 3 littafin ajinsa ya karanta maka layi biyu. Ka leƙa makewayi. Ɗan shekara 6 yakan yi kusan minti 40 kafin ya taka kilomita 2, kuma yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, don haka makarantar da za ta sa a tashe shi ƙarfe 5 a zuba shi a mota ta yi nisa, komai kyanta. Ka kuma tambayi inda 'yan garin ke kai yaransu sakandare, don shekara 7 kamar gobe ce.

Kada kuma ka ɗaure kanka da gida biyun nan kaɗai. Tsakanin birnin da ƙauyen, ko a gefensu, sau da yawa akwai ƙaramin gari mai babban asibiti da kasuwa da makaranta, inda haya ta fi ta birni sauƙi kuma ana samun tsakar gida. Ga mai irin iyalinka, nan ne ya fi yawan dacewa, kuma ya cancanci ka ba shi Asabar biyu kana dubawa.

Duk wanda kuka zaɓa, haya za ku fara yi, ta shekara guda, yadda za ku ga wurin a mafi munin lokacinsa kafin ku zuba ajiyarku a ƙasa ko gini. Gidan ƙauye sauƙin saye gare shi, sayarwa kuwa yana iya ɗaukar shekaru. In daga baya za ka saya, ka bincika takardun a ofishin filaye da kanka, safiyo ya auna iyaka a gaban maƙwabta, ka tabbatar hanyar shiga gidan tana cikin takarda, kuma duk mai haƙƙin gado a filin ya sa hannu.

Game da lokacin tashi, ko dai ku ƙaura kafin cikin ya shiga wata 7, don ta samu yin awo aƙalla sau uku a asibitin da za ta haihu su san ta, ko ku dakata sai jariri ya karɓi allurarsa ta mako 14. Katin awo, sakamakon gwajin rukunin jininta da katunan rigakafin yaran biyu a jakar hannunta za su tafi, kada a cusa su cikin kwalayen kaya. A makon farko kuma, tun ba a gama kwance kaya ba, ku je ku buɗe kati a sabon asibitin.